Tsohuwar Fijo a Magarya da Dungas: Daga Gyaran Dole Zuwa Gyaran Sha'awa

Farfaɗo da tsohuwar mota don sha'awa aiki ne da mutum kan ɗora wa kansa ba don neman abinci ba. Yakan samo motar da aka daina ƙera irinta, sau da yawa wadda ta yi shekara 10 ko 20 a yashe, ya kwance ta noti bayan noti, ya gyara abin da ke gyaruwa, ya nemo abin da ya ɓace, sannan ya mayar da ita yadda take ran da ta bar masana'anta. Aikin kan ci shekaru, kuma kuɗin da ke shiga ciki kan zarce abin da za a taya motar a kasuwa. A Amurka wannan sha'awa ta fi kafuwa, kuma motocin da aka fi yi wa hidimar su ne masu ƙaton inji na shekarun 1960 da farkon 1970.

Pontiac GTO ta 1964 ce aka saba ɗauka a matsayin ta farko a cikinsu. Bodinta matsakaici ne, amma an dasa mata inji mai silinda 8 da girmansa ya kai lita 6.4, irin wanda a da sai manyan motoci ake sa wa. A shekarar ce Ford ya fito da Mustang, sai Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo baya a 1966, Plymouth Road Runner a 1968, har aka kai ga Chevelle SS ta 1970 mai lita 7.4. Fetur yana da arha, tituna shimfiɗaɗɗu ne, samari kuma na da abin hannu. Zamanin bai yi tsawo ba. Dokar tsabtace iska ta 1970, da tsadar inshora, da takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a 1973, su suka haɗu suka rufe babin. Yaran da suka yi ta kallon motocin da ido a lokacin su ne suka girma suka yi kuɗi, suka koma neman su a rumbunan gonaki da bayan gareji. Abin da suka fi darajantawa shi ne a tarar lambar inji da ta giya sun dace da lambar bodi, shaidar cewa ba a taɓa sauya wa motar kayan ciki ba.

Irin waɗannan motoci ba su taɓa samun gindin zama a gundumomin Magarya da Dungas ba, kuma dalilin a fili yake. Mota mai ƙasa-ƙasa, mai zuƙar fetur, wadda aka ƙera don tsere a kan kwalta, ba ta da abin yi a cikin rairayin Guci ko Malawa. Motar da ta riƙe matsayin a zukatan mutanen yankin, wadda dattijo kan tsaya ya bi da kallo in ta gifta, ita ce Fijo, wato Peugeot: 404 da 504, musamman a-kori-kura mai rufin tamfol da mutanen Nijar ke kira bashe. Land Rover na biye da ita, amma ita an fi saninta da ma'aikatan gwamnati da jandarmomi da masu aikin agaji.

Yankin yana kudancin jihar Damagaram, ya jingina da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya. Ƙasa ce mai yashi da fadamu, ga gawo da goriba, ga gero da wake da riɗi a tudu, ga rake da rogo a kwari. Tana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a Nijar: ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 570,000 a Magarya, fiye da 350,000 a Dungas, wadda sai a 2011 aka yanke ta daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 11 ta biyo ta Damagaram, ta ratsa Bande da Magarya, ta kai Tinkim a bakin iyaka, daga can kuma a shiga Babban Mutum da Babura a nufi Kano. Mutanen Dungas kuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ce babbar mahadarsu. Abin da ya rage, tsakanin ƙauye da ƙauye, burtali ne da turbar yashi.

Mota ta daɗe da leƙo ƙasar Damagaram. A ƙarshen 1924 ayarin Citroën da ya keto Sahara ya bi ta Tasawa da Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedkwatar mulkin mallaka. Amma gyaɗa ce ta mai da mota abin yau da kullum. Magarya na tsakiyar ƙasar gyaɗa, kuma manyan kamiyo ne ke kwashe buhuna zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ke ɗauka ya kai Legas. Bayan 'yancin kai aka kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikin gyaɗar, aka kuma yi masana'antar man gyaɗa ta SEPANI a garin Magarya. Farin 1973 da 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa a 1975, suka karya wannan tsari. Wake da dabbobi suka hau gaba, kuma cinikinsu ba irin na gyaɗa ba ne. Ba a tara su a tasha guda a jira kamiyo. Kaya ne na buhu 5 nan, tumaki 10 can, daga kasuwannin ƙauye masu ci sau ɗaya a mako, kuma duk Najeriya suka dosa, inda kuɗin man fetur ya fara yawo a hannun jama'a. Ƙaramar mota mai jure yashi ake bukata, ita kuwa tana nan tafe.

An fara ƙera 404 a Faransa a 1960, a-kori-kurarta ta fito a 1967. Ƙanwarta 504 ta zo a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, doguwarta mai layin kujeru 3 ta biyo a 1971, a-kori-kurarta kuma a ƙarshen shekarun 1970. Ta hanyoyi daban-daban suka iso kudancin Damagaram. Akwai waɗanda kamfanonin Faransawa suka shigo da su sababbi ta Yamai. Akwai na Kaduna: masana'antar Peugeot da ke Kakuri ta fara aiki a 1975, kuma a shekarunta na farko ta jirgin sama ake jigilar sassan motocin daga Liyon zuwa Kano, sannan a ɗora su a mota zuwa Kaduna. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama kamar Nijar, don haka motar Kaduna mai sitiyari a hagu ta dace da ɓangarorin iyaka biyu. Gwamnatin sojan Najeriya ta wancan zamani ta mai da 504 motar jami'anta, abin da ya ƙara mata kwarjini ya kuma cika kasuwa da kayan gyaranta. Hanya ta uku ita ce mafi ban mamaki. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turai kan sayi tsohuwar 504 da arha, su tuƙo ta ta Aljeriya, su bi Tamanrasat da Asamaka da Arlit zuwa Agadas, su sayar, su hau jirgi su koma da ribar da ta biya musu yawon. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka toshe wannan hanya a farkon shekarun 1990.

Ƙarfin gudu ba shi ya sa Fijo ta karɓu ba. Injin 404 lita 1.6 ne kawai, na 504 bai cika lita 2 ba, wato kusan kashi ɗaya bisa huɗu na injin Chevelle. Amma cikinta ya ɗaga daga ƙasa, ƙafafunta na da wurin lotsawa mai yawa, tayoyin baya ke tura ta, kuma tana haɗiye gargada ba tare da ta wargaje ba. Gasar Safari ta Gabashin Afirka ta tabbatar da haka, domin 404 ta lashe ta a 1963 da 1966 da 1967 da 1968, 504 kuma a 1975 da 1978. Babban sirrin yana cikin injin. Kowane fistan yana gudu ne a cikin wani bututun ƙarfe da ake iya zarewa a sa sabo, wanda kanikawa ke kira silif. In inji ya gaji, ba sai an kai shi wurin na'urar huda ba. A sayo silif 4 da fistan 4 da ringi, a kwance a gindin dogon yaro, a ɗaure, inji ya dawo sabo. Wutar kuma kwantak ne da koyil da fulogi, man kuma kafireta ce ke auna shi. Ba abin da ke ɓoye wa mai sifana da kunne.

A kan wannan sauƙi aka gina sana'a sukutum. Garejin ƙauye ko na bakin tasha yana da maigida da yaransa, kowane yaro mahaifinsa ne ya kawo shi ya damƙa amana, ya fara da wanke noti a fetur da miƙa sifana, ya yi shekaru kafin a bar shi ya taɓa kafireta. Kusa da su akwai mai walda, da mai bugun bodi, da mai haɗa waya, da mai faci, da mai ɗinkin kujera. Gwanin bakanike kan kara sukundireba a jikin inji, ya sa kunne a kan ƙotarta, ya faɗi bawul ɗin da ke kuka. Shi kuwa direba da karen motarsa dole su san rabin aikin, domin in mota ta mutu tsakanin Dogo-Dogo da Dungas ba wanda zai zo ceto.

Gyaran da ake yi a nan gyaran dole ne, manufarsa guda: kada mota ta kwana ranar kasuwa. Bashen da ta rasa Alhamis ɗin Maigatari ta rasa cinikin mako. Saboda haka kowace matsala akan yi mata maganin da ke kusa. Tankin mai ya tsage, a liƙe da sabulu, in ya ƙi a ɗaure jarka a sama a jawo tiyo zuwa kafireta. Gasket ya ƙone, a yanka kwali. Makulli ya lalace, a haɗa waya biyu. Batir ya mutu, fasinja su sauka su tura. Ƙofa ta daina kamawa, a sa mata sakata ko igiya. Wasu ma, in man birki ya ƙare a daji, ruwan omo suke ɗurawa. Masana'anta ta ƙayyade wa a-kori-kura lodin da bai wuce tan 1 da 'yan kai ba, amma masu ita suka ƙara wa sifirin baya ganye, suka ɗaga bangon akwatin da ƙarfe, suka kafa kariya a kan rufi, ta koma ɗaukar buhuna a ƙasa, mutane a kan buhuna, awaki a gefe, kaji a rataye. Wanda bai san lissafin ba zai ce ganganci ne zalla. Akwai gangancin, kuma ya ci rayuka, amma mafi yawansa dabarar wanda ba shi da zaɓi ce. Abin lura shi ne kowane irin gyaran nan yana ƙara wa motar kwana, yana kuma ƙara nisanta ta da asalinta. Bashen da ta yi shekara 30 tana aiki za a iya tarar da injin 504 a cikin bodin 404, da fitilun wata Toyota, da lagireton da ba wanda ya tuna inda aka ciro shi.

Sauyin ya fara ne daga kuɗi. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar motar Kaduna ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye. A Janairun 1994 aka rage darajar sefa da rabi, duk abin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi a dare ɗaya. A daidai lokacin ne tashar jiragen ruwan Kwatano ta zama kasuwar motocin gwanjo na Turai, ana koro su ta Gaya da Ƙonni da Maraɗi da Damagaram, da yawansu kuma su zarce Najeriya. Toyota Hiace, wadda ake cusa wa mutum kusan 20, ta ƙwace jigilar fasinja a kan kwalta daga hannun doguwar 504. Hilux da Land Cruiser suka karɓi aikin hukuma da na ƙungiyoyi. Daga baya babura 'yan Sin da Indiya suka cika ƙauyuka, kabu-kabu ya ɗauke mai ƙaramin kaya da mara lafiya da mai gaggawa, waɗanda a da sai sun jira bashe ta cika. A tsakiyar shekarun 2000 Kaduna ta daina haɗa 504, tana kuwa cikin masana'antu na ƙarshe a duniya da suka riƙe ta.

Fetur ma ya juya mata baya. Shekara da shekaru motocin yankin sun rayu a kan ruwa-ruwa, man Najeriya mai tallafi da ake sayarwa a kwalabe da jarkoki a bakin hanya, kuma arharsa ce ta rufa wa tsohon inji asiri. An buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram a ƙarshen 2011, Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan a Mayun 2023 ta janye tallafin mai, aka sake rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin shekarar. Kafiretar da ta sha jiki, ga lodi ga yashi, ba ta iya gasa da ƙaramin injin zamani wajen tsimin mai. Injin zamanin kuma ya zo da nasa sharaɗin. Tun 2001 dokar Turai ta wajabta wa sababbin motocin fetur kwamfutar da ke bayyana cutar inji, don haka gwanjon da ke isowa yanzu na'ura ake jona masa ta karanto laifin. Yaron da ke koyon aiki a yau ya fi ganin amfanin sanin babur da na'urar gwaji a kan sanin saita kwantak, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Motar da aka jingine ba ta daɗewa a yadda take. Maƙera na son sifirinta, domin ƙarfensa na yin gatari da wuƙa da fartanya masu riƙe kaifi. Masu haɗa amalanke na son gatarin tayoyinta da ƙafafun, kuma amalanken shanu da yawa da ke kai taki gona a ƙasar Magarya a kan ƙafar tsohuwar mota suke tafiya. Kan inji na alminiyam ne, masu zubin tukunya na jiransa. Abin da ya saura 'yan gwangwan su auna a sikeli, su sare da gatari, a loda a tirela zuwa masana'antun narka ƙarfe na Najeriya. Ta haka motocin da suka tsira daga shekara 40 na yashi suka ƙare a cikin mako guda.

Farfaɗo da mota don sha'awa bai zama al'ada a yankin ba, kuma akwai dalili. Ƙasa ce da bazara da tsakiyar damina kan yi wa tsanani, inda a 2005 ƙungiyar likitocin MSF ta fara taimaka wa asibitin Magarya da jinyar yara masu tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Mai rarar kuɗi yakan sa su a gona, ko shanun huɗa, ko ragunan kiwo, ko aure, ko kujerar Makka. A zuba dukiya a motar da ba za ta ɗauki buhu ko ɗaya ba, mutane za su kira shi almubazzaranci. Sai dai kashe kuɗi don ƙawa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Mai dokin hawan salla yana ciyar da shi dawa da harawa wata 12 saboda fitar kwana 2 ko 3, ba a kuma ce masa mahaukaci. Wanda ya ɗauki aikin tsohuwar Fijo, ko ɗan kasuwa ne da ya tuna motar mahaifinsa, ko ma'aikacin da ya yi ritaya, ko bakaniken da ke lallaɓa wata a bayan gareji in aiki ya yi sauƙi, yana cikin wannan layi.

Matakin farko shi ne samun motar, kuma a nan ake fara tuntuɓe. Wadda ke kwance a zaure ko bayan gida sau da yawa dukiyar magada ce da ba a raba ba, sai kowa ya yarda kafin ciniki ya faɗa. Bayan haka sai takardu. Motar bakin iyaka kan yi rayuwa biyu, lamba a nan, takardar duwan a can, don haka dole a gwada lambar da aka buga a jikinta da wadda ke rubuce a takardar mallaka tun kafin a biya. Maganar lambar inji ta dace da ta bodi kuwa, wadda Amurkawa ke biyan maƙudan kuɗi saboda ita, da wuya a same ta a motar da ta yi haya.

Sai kwancewa. Mai hankali yakan ɗauki hoton kowane sashe da wayarsa kafin ya cire, ya zuba notocin kowane wuri a gwangwani daban, domin aikin da zai ɗauki shekara 2 ba a dogara da tuni a cikinsa. In an kankare fenti har ƙarfe ya bayyana, tarihin motar kan fito hawa-hawa: launin masana'anta a can ƙasa, launin tasha a kansa, da dunƙulen cikon bodi a duk inda ta taɓa karo. Bushewar Sahel ta yi wa ƙarfe rana, domin ba a samun irin tsatsar da gishirin titunan hunturu ke haifarwa a Turai. Ɓarnar a nan ta wani fanni ce. Daɓen akwati ya ruɓe da fitsarin dabbobi da kanwa da gishiri da takin zamani, ƙashin motar ya tsattsage a inda sifirin baya ke kamawa, rana kuma ta cinye duk abin da yake roba ne ko leda. Waldar kabaid da aka saba da ita tana da zafin da ke lanƙwasa siririn ƙarfe, saboda haka gwanin mai bugun bodi kan ɗiga ta kaɗan-kaɗan yana bari tana hucewa. Fenti kuma ba a fesa shi a cikin ƙurar hunturu. Akan jira iska ta kwanta, a yayyafa ruwa a ƙasa, a yi da sassafe.

Inji shi ne ɓangare mafi sauƙi, abin da kan ba baƙo mamaki. Silif da fistan da ringi da metal duk ana samu. Karanshaf in ya ci, akan kai shi Damagaram ko Kano a wasa. Kan inji ne abin tsoro: ruwan rijiya mai kanwa da aka yi ta ɗurawa a lagireto yana cin alminiyam daga ciki, zafin da ya sha kuma ya karkatar da shi, kuma sau da yawa an riga an fere shi har ba sauran abin ferewa. Salun 404 na da wani tarko a gatarin baya, inda haƙoran da ke juya tayoyi na tagulla ne, kuma man giya na yau da kullum yana cinye su, sai an nemi irin nasu. Wayoyin wuta kuwa gara a zare su duka a saƙa sababbi, domin bayan hannun masu gyara 20 ba sauran launin waya da ke nufin abin da littafi ya ce.

Kayan gyara hawa uku ne a kasuwa: ragowar na asali da ya kwana a shago, da na gwanjo da ake kira Beljiyam, da sabon kwaikwayo daga Asiya wanda kyansa a kwali yake. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano da Fanteka a Kaduna su ne madogara, kuma daɗewar 504 a Kaduna ta sa kayan inji da na ƙafa ba su yanke ba tukuna. Abin da ke wahalar samu shi ne abin da mai haya bai taɓa damuwa da shi ba: gilashin fitilar baya, da zakin da ke gaban mota, da robar bakin gilashi, da marfin taya, da agogon gudu mai aiki, da hannun ɗaga gilashi, wanda a zamanin haya guda ɗaya direba ke ajiyewa yana miƙa wa mai bukata. Irin waɗannan sai a bi gawarwakin motoci gari-gari, ko a yi odarsu ta intanet daga Faransa, inda kamfanin Fijo ya buɗe gidan tarihinsa a Sosho a 1988 kuma ƙungiyoyin masu sha'awa ke sake ƙera ƙananan sassa. Kuɗin aikowa kan fi kuɗin kayan.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce wane asali za a mayar da motar gare shi. Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, wadda aka kafa a 1966, ta ce motar tarihi ita ce wadda ta kai shekara 30, aka adana ta a kan siffarta ta gaskiya, kuma ba a zirga-zirgar yau da kullum da ita. A wannan ma'auni bashen da ke lodin rake a Waca ta cika sharaɗin shekaru ta faɗi sauran. Amma yarjejeniyar Turin da ƙungiyar ta fara aiki da ita a 2013 ta yarda cewa sauye-sauyen da aka yi wa mota a zamanin aikinta wani yanki ne na tarihinta, ba dole a shafe su ba. Kasuwa ma ta fara bin wannan ra'ayi. Mustang ta 1968 da Steve McQueen ya tuƙa a fim ɗin Bullitt an sayar da ita a Janairun 2020 a kan fiye da dalar Amurka miliyan 3, da dusasshen fentinta da tabon da ke jikinta, ba a sabunta ta ba.

In haka ne, mayar da bashen Dungas ta koma kamar wadda ke cikin hoton talla na Faransa asara ce ta wani gefen. Irin wannan akwai su a Turai, a goge, a lulluɓe. Abin da babu a can shi ne mota mai ƙarin ganyen sifirin, da kariyar da maƙerin gari ya lanƙwasa, da rubutun addu'a ko habaici da mai zane ya yi a bayanta, da sunan tashar da take lodi. Hanyar da ta fi dacewa ita ce a raba gyaran dole gida biyu. Abin da ke barazana ga rai, irin su birkin da aka yi wa dabara, da jarkar mai a kan rufi, da wayoyi tsirara, da ƙashin da aka yi wa walda a kan walda, a cire shi ba tare da waiwaye ba. Abin da ke ba da labarin aikin da motar ta yi, a tsabtace shi a bar shi. Hakan na bukatar a zauna da tsohon direbanta ko bakaniken da ya riƙe ta, in suna raye, domin su kaɗai za su faɗi wane ƙarfe aka ƙara a wace shekara da kuma dalili. Mafi yawan waɗanda suka koyi aiki a kan 404 tana sabuwa sun haura shekara 60.

Bayan an gama, adanawa wani aiki ne mai zaman kansa. Motar da ba ta fita ta fi mai fita saurin lalacewa: fetur ya bushe ya toshe kafireta, birki ya kama, tayoyi su tsage ta gefe, batir ya zube. Akan tayar da ita duk mako a bar inji ya yi zafi, a ɗan zaga da ita don mai ya ratsa giya da gatari. Rumfa mai inuwa ta fi tamfol, domin tamfol na tara zafi yana kuma goge fenti in iska na kaɗa shi da yashi. Ɓeraye na shiga su ci wayoyi da soson kujera, musamman in rumbun hatsi na kusa, gara kuma na hawa ta taya ta kama duk wani katako da ke cikin akwati, don haka daɓen siminti ya fi ƙasa. A lagireto ruwan sama da aka tace ko ruwan sanyaya inji na kanti ake zubawa, ba na rijiya ba, kuma da damina akan ɗaga shimfiɗar ƙasan motar a duba ko ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta.